Malam Zulkifilu, Mai Kayar da Kwamfuta Kafin Ranar Jarrabawa

Kafin masu shara su iso, Malam Zulkifilu ya riga ya buɗe ɗakin da yaranmu ke zana jarrabawar shiga jami'a a nan Daura. Yakan kunna kwamfutocin, ya bi su layi-layi yana kasa kunne, ya ji wadda ke gurnani. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai sababbi, akwai tsofaffin da wani ofis ya gaji da su ya bayar kyauta, kuma manhaja ɗaya ce ke kula da haɗinsu daga wata babbar kwamfuta da yake kira uwa. Ya daɗe a wannan aiki, amma iyaye da yawa ko sunansa ba su sani ba.

Ni ma sai bana na san shi. Bara 'yata Khairat ta zana a wani gari, allo ya tsaya tana tsakiyar amsa, shekara ta tafi a banza. Da aka turo ta nan, na kasa zama, na je in ga ɗakin da idona.

Na tarar da Malam Zulkifilu yana tara mutane. Ashe haka yake yi duk shekara: in jarrabawa ta matso, sai ya cika kujerun da 'yan unguwa da tsakar rana, kowa ya danna lokaci guda, ya ga iya nauyin da uwar za ta ɗauka. Ga Mati mai shayi, ga teloli, har da Iya Nagoggo mai ƙosai.

"Zulki, ni fa ban yi boko ba," in ji Iya.

"Ke nake nema, Iya. Danna ko'ina, kamar kina jin haushinta."

"Da ma haushinka nake ji, ka raba ni da kaskona."

Ya gwada sababbin su kaɗai, lafiya lau. Tsofaffin suka ja da ƙyar. Sannan ya haɗa duka, ya kashe fankokin ɗakin don injinan su ɗauki zafi, ya ce kowa ya tura amsa tare. Alluna suka tsaya cak. Na miƙe tsaye na ce:

"Malam, ka lalata ta! A nan fa 'yata za ta zana!"

"Kwantar da hankalinka, Baba. Don haka na tara ku. Yau Mati ne a kujerar, ko ya faɗi, shayinsa na jiransa."

"Ni na ci!" in ji Mati. "Injinka ne ya faɗi."

Da ya bincika, ashe tsofaffin duk a akwatin haɗi ɗaya aka jona su. In suka yi jinkiri, uwar sai ta yi ta jiransu har ta shaƙe. Ya rarraba su cikin sababbin, ya sake kiranmu. Ta sake faɗuwa. Ya gyara, ya sake kira, har ranar da muka danna iya ƙarfinmu amma uwar ta ƙi faɗuwa.

Ranar jarrabawa ina ƙarƙashin darbejiya a bakin ƙofa, carbi na zame mini don gumi. Khairat ta fito tana ɓata rai.

"Baba, lissafin ya yi wuya."

"Kwamfutar fa?"

"Me kwamfutar ta yi?"

Sai a lokacin na saki numfashi.

Malam Zulkifilu, kai ne ka yarda a yi maka dariya a gaban masu shayi don kada yaro ya yi kuka a gaban allo. Mai kayarwa don a tashi, mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan mahaifa. Ku kuma masu riƙe da injinan asibiti da na makarantu, ku yi koyi da shi. Ku gwada su da kanku tun da sauran lokaci, kada ku bari 'ya'yan mutane su zama gwajin.