Haɓar da Na Gada Daga Babana

Sanarwa ta musamman ga 'yan'uwa da abokan arziki: jiya bayan La'asar, a gaban shaidu, na gatsa gurji da haƙorana na gaba, kuma ya rabu biyu.

Kada ku yi dariya. Tunda aka haife ni ban taɓa yin haka ba. Shi ne kuma dalilin dogon shirun da kuka ji na yi a nan.

Waɗanda suka san ni a Gummi sun san haɓata takan riga ni shiga aji. Muƙamuƙina na ƙasa ya zarce na sama, haƙoran ba sa haɗuwa. Na tara gemu na rufe, mutane suka ɗauka tsoron Allah ne zalla.

Da na haura arba'in sai abin ya daina zama wasa. Ciwo a gindin kunne, ƙas-ƙas in na buɗe baki, turamen haƙorana suna cinyewa. Nama sai dai haɗiya.

A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙashin, aka cika mini baki da wani abu kamar ƙullu don a fitar da siffar haƙoran. Ni kuwa na riga na karance binciken likitoci a waya, har na fara yi wa likitar bayani. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, ka yi karatu. Saura ka buɗe baki."

Magani hawa biyu ne: waya a haƙora fiye da shekara, sannan a yanka ƙashin ta cikin baki a mayar da shi baya. Babur ɗina da sa guda suka tafi a kan wannan.

Tsoron wuƙa bai kai tsoron Inna ba. Tana Bukkuyum, idonta ya tafi, da hannu take gane 'ya'yanta. In na durƙusa gaishe ta, haɓar take fara laluba.

Da ta ji labari a waya ta ce, "Mi ta yi maka? Haɓar babanka ta. In sun ɗauke ta, da mi za ni gane ka?"

Na kawo mata hujjoji, har da fatawar cewa magani ba canza halitta ba ne. Na ɗauka na ci gardama.

Ranar aiki aka aske gemun. Matata Hadiza ta dube ni ta ce, "Ashe haka kake?" Muka yi dariya, amma da aka tura ni a gado mai taya, kalmar shahada kawai nake maimaitawa.

Na farka fuska kamar ƙwarya, leɓe babu ji, an ɗaure haƙoran sama da na ƙasa. Makonni ina shan kunu tatacce ta sirinji.

Sai 'yan dubiya. Kun san mu, ba a zuwa hannu sake. Wannan da gasasshiyar kaza, wancan da kilishi. Su zauna su jero gaisuwa, ni ina "mm, mm", sannan su cinye abin da suka kawo a gabana suna yi mini addu'a. Allah ya saka, kun ci da kyau.

Ban karaya ba, kuma ina alfahari da hakan. Na rame, na koyi tauna kamar yaron da aka yaye.

Da kumburi ya saɓe na tafi Bukkuyum. Ban yi sallama da ƙarfi ba, na durƙusa kawai. Ta miƙo hannu. Yatsunta suka sauka inda suka saba, suka tarar da iska. Suka koma baya, suka bi kumatu, suka hau goshi.

"Wane na?"

"Ni ne, Inna."

"Na sani, ja'iri. Kunnuwan na nan." Ta jima tana riƙe da fuskata. "Kana cin nama yanzu?"

"Na fara."

"To madalla. Shi har ya koma ga Allah bai ji daɗin nama ba." Sai ta sassauta murya. "Amma da ka zo na shafa ta kafin su ɗauke."



Ina godiya ga Allah, da likitoci da ma'aikatan jinya, da Hadiza wadda ta tace kunu har hannunta ya gaji.

In kun ga haƙoran ƙasa na yaro sun sha gaban na sama, ku kai shi wurin likitan haƙori tun ƙashi yana girma, wani lokaci ba sai an kai ga wuƙa ba. Wanda kuma aikin ya kama shi, ya tanadi rariya da haƙuri, ya kuma wanke baki yadda aka ce ko da zafi.

Aikin kam ban yi nadama ba. Amma tafiya asibiti ban biya ta wurin Inna ba, nan na yi kuskure.