Yadda Na Dama Man Goge Baki Na Shanye

Tun ina saurayi ban san wani abin tsabtace baki ba face saiwar asuwaki da wani Bafulatani aminina yake haƙo mini a daji, can bayan Randagi. Da daji ya gagari shiga, aminina ya kora shanunsa ya yi ƙaura. Ni kuwa girman kai ya hana ni sayen buroshi, domin a ganina kayan 'yan makaranta ne.

Ba a jima ba dasashina ya kumbura yana tsattsafo da jini, turmin haƙorina na dama, wanda da shi nake murƙushe goro, ya soma girgiɗi. Dattijon da ya kasa cin goro a bainar jama'a kuwa, sai a fara gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa.

'Yata ta fari, ma'aikaciyar jinya, ta aiko mini da man goge baki daga Kaduna, da saƙon cewa haɗin darbejiya ne da kanumfari, safe da yamma. Na ga hoton ganye a jikin kwalin, hankalina ya kwanta. A yadda muka taso, duk maganin da ya fito daga itace jiƙa shi ake yi a sha. Na matsa shi cikin ƙwarya, na dama, na yi bisimilla, na kafa kai. Kwana uku cikina yana ƙugi, ni da buta ba mu rabuwa.

Ranar Juma'a sai ga 'yar tawa ta zo.

"Baba, ina man da na aiko?"

"Na shanye. Ki ƙaro, amma ki gaya musu ya cika kumfa."

Ta dafe ƙirji ta yi salati, sannan dariya ta kayar da ita bisa tabarma.

"Haba Baba! Haƙori ke ciwo, ka yi wa hanji wanka? Ganyen taimako ne kawai. Gogewa ce ke fitar da dauɗar da ta maƙale a gindin haƙori."

"Ni ba na sa gashin roba a bakina."

"To zaɓi, ko gashin roba, ko kunu har ƙarshen rayuwa."

Na zaɓi roba, bisa sharaɗin a bayan rumbu zan riƙa yi, inda babu mai ganina ina kumfa kamar raƙumi. Bayan 'yan makonni jinin ya tsaya, kumburin ya sauka. Turmin dai bai yafe mini ba. Ya faɗo cikin tuwo wata ranar Laraba, na binne shi da hannuna, na shiga koya wa ɓangaren hagu aiki.