Yadda Ranar Yabo Ta Fara a Rumbun Dabino

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Ilu ya miƙo mini takardar barin aiki ba. Lahadin farko ce ta watan Muharram, a rumbunmu na dabino da ke unguwar Ƙurban, a ƙasa mai tsarki. A lokacin ni ne mushrif, wato mai duba ma'aikata.

Ga tsarin aikin. Na farko, mota ta kawo dabino daga gonakin Badr. Na biyu, a baza shi kan tebur a tsince, a ware mai tsutsa. Na uku, a zuba a kwali. Ilu baƙo ne, mutumin garin Tawa, shekararsa takwas a tebur, kuma ba a taɓa dawo da kwalinsa ba.

Na kai takardar wurin mudir, shugaban rumbun. Jikan mahajjatan Kano ne, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Ya ce, "Ammu," wato baffa, "ka taɓa gaya masa ya iya aiki?" Na ce, "Mu ba ma yabon mutum a gabansa. Wanda bai ji faɗana ba, ai ya san yana daidai." Ya ce in gwada tukuna.

Na kira Ilu ofis. Ni kuwa ba na kiran mutum ofis sai ya yi laifi. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Mushrif, ko mene ne, a yi haƙuri."

"Hau kujera. Na farko, ba ka taɓa makara ba. Na biyu, idonka ya fi na kowa. Na uku, kai ka koya wa rabin mutanen nan aiki."

"To, sai laifin."

"Babu."

Ya ƙura mini ido. "Mushrif, lafiyarka kuwa? Ko likita ya gaya maka wani abu?"

Na ce lafiyata ƙalau. Sai ya sunkuyar da kai. "Kullum kana wucewa ta gabana ba ka cewa uffan. Na ɗauka haƙuri kake yi da ni. Na ce gara in tafi da mutuncina kafin a kore ni."

Ya ɗauki takardarsa ya koma tebur.

Tun daga nan, duk Lahadin farko ta Muharram ina kiran kowa bi da bi, in faɗa masa alherinsa guda uku. Ma'aikata ne suka sa mata suna Ranar Yabo.

Ku da za ku gaje ni, ku riƙe wannan. Baƙon da ke zaune da takardar izinin zama kullum a tsorace yake. In ka yi masa shiru, da mugun zato zai cike shirun. Wanda ya iya aiki, ku zaunar da shi ku gaya masa da bakinku.