Kwalabe Uku na Gwaggo Falmata

Ku da kuka san Gwaggo Falmata, ƙanwar mahaifina, kun san ba ta amsa gaisuwa sai ta shinshina mutum. Kana durƙushe kana "ina kwana", za ta jawo wuyan rigarka zuwa hancinta, ta yi jim, sannan ta yanke hukunci. "Kai, bandar kifi." "Ke, tattasai da fushin miji." Sai bayan nan ta tambayi lafiyar gida.

Haɗa turare ne sana'arta a Bosso, kuma akwai wani mai guda ɗaya da babu wanda ya iya shi sai ita. Ba irin humrar nan mai hawa kai ba ne. Idan ta ɗiga maka shi a bayan hannu, sanyi za ka fara ji, kamar ka tsoma hannu a randa. Sai ƙamshin furen lalle ya taso, ɗoɗɗoya ta biyo baya, can ƙarshe kuma saiwar kajiji, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na daɗe ina roƙonta ta koya mini.

"Sai a bakin kogin Komadugu, Hadiza," in ji ta. "Wadda ba ta haƙo kajiji da hannunta ba, mi za ta haɗa?"

Ni kuwa ina aure a Diffa, kullum bana ko baɗi. Wannan laifina ne, na sani.

Ranar da 'yan bindiga suka shiga Bosso, kowa ya suri ɗa ko tabarma. Gwaggo ta iso gidana ba takalmi, ba katin ɗan ƙasa, sai kwalabe uku na man nan ƙulle a haɓar zane.

"Gwaggo, ina takardunki?"

"Takarda ƙamshi take?"

Waɗanda suka zo tare da ita sun ce a bariyen shiga gari, shingen bincike, wani soja ya ga kwalaben, ya ja da baya yana gyara bindiga. Ta ce, "Matso, ɗana." Ta lakuta masa a wuya, ta ce, "Wannan ba ya fashewa. Amma kai, rabonka da ruwa yaushe?" Har sojan sai da ya dara.

Dariyar ba ta daɗe ba. Aka hana kowa zuwa bakin kogi, sojoji a wannan gaɓa, masu yanka mutane a waccan. Na sayo kajiji mai kyau a kasuwar Diffa na ajiye a gabanta. Ta shinshina sau ɗaya, ta watsa shi a murhu.

"Wannan ruwan rijiya ya sha."

"Haba Gwaggo! Kogin nan fa an rufe shi. Ki koya mini da abin da ake samu mana!"

"In koya miki ƙarya?"

Taurin kai, wallahi! Sau uku tana ɗaukar 'yar fartanyarta ta nufi kogi, sau uku sojoji na dawo mini da ita a bayan mota, ta hakimce kamar matar gwamna. Na ce, "Ba su gaya miki akwai mutuwa can ba?" Ta ce, "Nan babu?"

Sayarwa kam ta daina. Matar wani babban ma'aikaci ta zo har sau biyu, ta kore ta. Amma duk 'yar Bosso da za a aurar, a cikin gari ko a sansanin gudun hijira na Sayam, sai Gwaggo ta je ta tsoma tsinken tsintsiya a kwalba ta shafa mata, wai ɗiyar garinsu ba za ta shiga ɗaki da warin sabulun agaji ba. Haka kwalabe ukun suka ƙare.

Da ciwo ya kwantar da ita na kama hannunta ina kuka, na ce ko da baki ne ta faɗa mini awon. Ta ce, "Bari a buɗe hanya, mu tafi tare." Kwana biyu bayan nan ta rasu.

Gaskiya ina jin haushinta har yau, ina jin haushin kaina, ballantana azzaluman da suka raba tsohuwa da gaɓar koginta. Na zaga da kwalbar ƙarshe, wadda ƙamshi kaɗai ya rage a cikinta, gidan duk wata mai haɗa turare a Diffa, ko wata za ta gane haɗin. Kowacce ta shinshina, ta girgiza kai. Yawan buɗewar ne ya cuce ni. Da Sallar bana na zare murfin, na kai hanci, ban ji komai ba.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Allah ya sanyaya makwancinki, ya yafe mini jinkirina, ya mai da mutanen Bosso gida.