Ƙafa Ɗaya a Rairayi

Ƙarar da ƙafafun kyamara ke yi idan an ware su, ƙwas ƙwas, har yau tana sa gabana faɗuwa. Kwanan baya na ji ta a wani shago a Dogon Dutsi, inda na je sayen abin ɗora kyamara, mai ƙafa ukun nan. Saurayin mai shagon ya miƙo min wata siririya ya ce, "Wagga ba ta da nauyi, Baba, ko cikin jikka shiga takai." Na mayar masa, na ɗauki mai nauyi, mai faɗin tafi. Ya yi min kallon tsoho mai neman wahala. Kai mai karatu, bari ka ji dalilina.

Ina yaro, a ƙauyenmu kusa da Dumega, an gama ɗaurin gero, ƙamshin harawar wake ya cika gida, sai ga mai hoto a kan keke ranar kasuwa. Kakana ya sa aka kira shi. Tsakar gidanmu rairayi ce mai laushi, irin wadda ƙafa ke lumewa a ciki. Mutumin ya kafa ƙafafun kyamararsa uku, sirara kamar na balbela. Kakata ta leƙo ta ce, "Wanga abu ko tukunyar miya ba ni aza mai." Aka yi dariya, aka wuce.

Kakana ya zauna a tsakiya, mu yara muka jeru a gaba. Inna, mahaifiyata, sai da aka yi ta kira kafin ta fito, don kunyar suruki, ta laɓe a layin baya, daidai bayana. Ni ne ɗanta na fari, ka kuwa san yadda abin yake. Ba ta faɗin sunana, ba ta yi min wasa a gaban mutane, ko tuwona ta hannun kakata yake isowa. Na taso ina zaton ban dame ta ba, abin kuma yana cina a rai.

Mai hoto ya saita, ya koma gefe riƙe da 'yar igiyar dannawa, yana ƙirge da Faransanci. Ba wanda ya lura ƙafar gaba ta lume, kyamarar ta sunkuya. Da kasuwa ta zagayo ya kawo hoton, duk na layin baya ba kawuna. Takalman kakana sun fito tas, har da wata kaza. Ya ba da haƙuri, ya ce baɗi in an girbe gero zai sake.

Inna ba ta kai baɗi ba. Da damina ta rasu wurin haihuwa.

Yanzu 'ya'yana suna ɗaukar hoto a waya, su yatsine fuska, su goge, su sake. Ni kuwa fuskar Inna ta gushe min a hankali, ko na rufe ido ba ta zuwa, kuma duk waɗanda za su kwatanta min ita sun bi ta. Sai da na yi furfura na tsaya na dubi hoton nan da kyau, a ƙasan inda kawunan suka yanke. Hannunta na dama yana kan kafaɗata, yatsun sun damƙe rigata. Ta ɗauka a baya ba mai gani.