Asabe Ba Ta Cike Gurbi da Zato

In ka tambayi mutanen layinmu a Unguwar Boro wane aiki Asabe take yi, rabi za su ce maka nas ce, sauran su ce likita. Duk ba haka ba ne, kuma ni na gaji da gyara musu. Ni ce Lizzy mai ɗinki. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata tun 'ya'yanmu suna rarrafe, saboda haka in na faɗa a yarda kawai. Asabe ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. A wani ɗaki take zama can bayan asibiti inda ake ajiye fayil ɗin marasa lafiya, kuma aikinta shi ne ta karanta abin da likita ya rubuta, ta mayar da shi lamba.

Kowace cuta a duniya, in ji ta, tana da tata lambar, harafi ɗaya da 'yan alƙaluma a bayansa. A da wani ƙaton littafi mai nauyin bulo take dubawa, yanzu kuwa kwamfuta ce a gabanta. Ranar da ta fara yi mini bayani na kira ta da sunan 'yarta na ce, "To Maman Peace, in kin ba ciwo lamba sai ya ji kunya ya warke?" Ta yi dariya har gilashinta ya zamo. Ta ce da lambobin ake gane abin da ke damun gari, ko amai da gudawa ne ya taso a Nasarawa, ko ƙyanda ce ta shiga Mahuta, a san irin maganin da za a tanada.

Abin da ya fi zauna mini a kai shi ne zancen gurbi biyu. Ta ce ciwo da yawa gurbi biyu gare su. A na farko ake sa ciwon kansa da inda ya kama, gyambo ne a ƙafa ko ciwon mafitsara. A na biyu ake sa ƙwayar da ta jawo shi. Bakteriya suna da jerinsu, bairas ma suna da nasu. Na farkon likita yakan gane da idonsa da hannunsa. Na biyun kuwa sai ɗakin gwaji ya faɗa, bayan an ɗebi jini ko mugunya an bincika. In sakamako bai zo ba, Asabe takan bar gurbin fanko, ko da kowa a asibitin ya rantse ya san ko wace ƙwaya ce.

Da dai a ofis take barin wannan hali, da mun huta. Ina. Ka ce mata kana fama da malariya da taifot, sai ta leƙo ka ta saman gilashi ta ce, "Wa ya gaya maka?" Ka sayi kafso a kemis don mura, ta ce bairas ne, kafso ko gaisawa ba sa yi da shi, kuɗinka kawai ka zubar. A zumuntar mata har suna muka sa mata, Wa-ya-gaya-miki, kuma tana amsawa. 'Yar gajeriya ce, tafiyarta kamar ana binta, in ta dafa gwaten acca kuwa sai ka manta da duk haushin da ta ba ka. Bakinta kuma da kwaɗo. Rabin fayil ɗin unguwarmu sun bi ta hannunta, na yi dabara har na gaji, ban taɓa jin ciwon ko mutum ɗaya daga bakinta ba. Abin yana ba ni haushi, amma shi ya sa nake ƙaunarta.

Mijinta Shekari ya yi aiki a masaƙa a Kakuri, da aka rufe ya koma walda a Nasarawa. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai kamar na jaki. Yana da ƙane guda, Elisha, wanda ya zauna a ƙauye yana noman citta. Wata Kirsimeti suka yi cacar baki a kan iyakar gona, irin wadda 'yan'uwa suke yi kowace shekara, harshe da haƙori ma ai suna saɓawa. Cikin fushi Elisha ya ce masa, "Za ka gani." Mutane da yawa sun ji.

Ba a daɗe da dawowa ba wani ƙarfe ya yanki Shekari a ƙwauri a wurin aiki. Maimakon ya nuna wa matarsa, sai ya shafa baƙin mai ya ɗaure da tsumma, ya riƙa haɗiyar kafso a ɓoye, wai kada a dame shi da tambaya. Sai da ƙafar ta kumbura ta fara wari sannan Asabe ta gano. Ban taɓa jin muryarta ta tsallako katanga ba sai ranar. Ta sa shi a keke napep ta kai shi asibiti, aka ɗebi mugunyar aka kai gwaji.

Kafin sakamako ya fito, yayarsu Dorcas ta iso daga Mahuta da wani mai addu'a sanye da farar riga. Ya zagaya gidan yana yayyafa ruwa, ya rufe ido ya ce yana ganin hannun ɗan'uwa na jini. To, wane ne bai san labarin gona ba? Ko akuyar layinmu ta sani. Dorcas ta ɗora hannu a ka ta ce jifa ce, ruwa ba ya tsami banza, kuma Elisha da bakinsa ya faɗa. Na so in kwashe mutumin nan da tsintsiya, Asabe ta riƙe mini zane.

Sai sakamako ya fito, babu abin da ya tsiro. Likita ya ce kafson da Shekari ya yi ta sha ne ya ɓoye ƙwayar, za a kwantar da shi, a wanke gyambon, a ɗebo daga can ciki a sake shukawa. Wai shuka ƙwayar ake yi a wani ɗan faranti a jira ta tsiro, kuma ba a yi mata gaggawa. Amma wa ya tsaya jin wannan? Dorcas ta ce to ga shi nan, na'urar bature ma ta duba ba ta ga komai ba. Shi kansa Shekari, da zazzaɓi ya ci ƙarfinsa, ya juya wa bango fuska ya ce kada Elisha ya zo inda yake.

Aka sa taron dangi ranar Lahadi bayan coci, a tsakar gidan Asabe. A danginsu in aka ɗora wa mutum sunan mai jifa, to an gama da shi. Ba mai ƙara cin abinci kwano ɗaya da shi, ba mai zuwa bikin 'ya'yansa, ranar da ya mutu ma sai dai baƙi su haƙa masa kabari. Elisha yana da yara huɗu. Sakamako na biyu kuwa ba zai fito kafin Lahadin ba.

Ranar Asabar na shiga na same ta tana tsince acca, tana zubar da accar tana barin tsakuwar. Na ce, "Ke ma kin fara yarda ne?"

Ta ce, "Lizzy, tsoro nake ji. Na ga fayil ɗin ƙafa irin wannan da yawa, na san yadda wasu suke ƙarewa. In na kwanta maganar Elisha tana dawo mini, ba zan yi miki ƙarya ba." Ta share ido da gefen zane ta ci gaba da tsince accarta. Na zauna na taya ta.

Ranar Lahadi gida ya cika. Baba Nathan, ƙanin mahaifinsu, shi ne babba, aka ba shi kujerar roba a inuwar mangwaro. Elisha ya zo tun da safe a motar 'yan citta, amma ba wanda ya ce masa shigo. Ya zauna a kan bulo a bakin ƙofa, hularsa a hannu, ya rame kamar shi ne mara lafiyar. Ni ina madafa ina juya tukunya, kunnena yana waje.

Dorcas ta yi magana, ta yi kuka, ta maimaita abin da mai addu'a ya gani. Wasu suka ba da shaidar abin da suka ji a Kirsimeti. Daga nan Baba Nathan ya juya ga Asabe ya ce, "Matarmu, ke kika ga ƙafar nan, ke kuma kike aikin asibiti. In kin ce abin nan ba na asibiti ba ne, mun gama magana. Me kika gani?"

Asabe ta durƙusa ta gaishe shi, ta gyara gilashinta. Ta ce, "Baba, ƙafa na gani, ta kumbura, tana mugunya. Wannan na sani. Abin da ya jawo kuwa ban sani ba tukuna."

Dorcas ta ce, "Kowa ya sani sai ke?"

"Yaya, a wurin aikina in ban ga sakamako ba, ko ƙwayar cuta ba na ɗora wa laifi. Ƙwaya fa, wadda ba ta da uwa ba ta da 'ya'ya. Shekara da shekaru ban taɓa cike gurbin nan da zato ba. Yau kuma a ce in sa sunan ƙanin mijina a ciki? Hannuna ba zai iya ba."

Dorcas ta miƙe ta ce ashe mijinta bai dame ta ba, in ya mutu jininsa yana kanta. Nan fa na fito da muciya a hannu, don ni ba a zagin Asabe a gabana. Ita dai ko kallona ba ta yi ba. Ta wuce ni ta shiga madafa, ta zuba gwate a kwano ɗaya, ta ɗauki cokali biyu, ta ratsa ta tsakiyar mutane har bakin ƙofa. Ta ja wani bulo ta zauna kusa da Elisha, ta miƙa masa cokali.

"Ci, Elisha. Tun safe ba ka sa komai a ciki ba."

Ya ce, "Mama, kada ki jawo wa kanki."

Ta sa nata cokalin ta fara ci. Elisha yana ci hawaye suna zuba cikin kwanon, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba. Ni ma na koma madafa na yi nawa kukan, na ce hayaƙi ne.

Baba Nathan ya kalle su. Ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, tunda mai ɗakin ta ce a jira, za a jira. Dorcas ta ɗauki jakarta ta fita ba sallama, wasu suka bi ta. Har Asabe ta wanke kwanonin ba wanda ya ƙara taɓa gwaten.

A tsakiyar mako ƙwayar ta tsiro. Bakteriya ce, mai dogon suna, irin wadda masu maganin gargajiya suke ihunta a lasifika a kasuwar Sabo wai ciwon sanyi ce, sitaf. Da Shekari ya ji sai kunya ta kama shi, ya ce shi fa bai taɓa bin matan banza ba. Asabe ta ce ya kwantar da hankalinsa, a fatar kowa take zaune, ƙofa kawai ya buɗe mata da ƙarfensa da baƙin mansa. Gwajin ya kuma nuna cewa kafson da ya yi ta sha ba ya kashe ta, danne ta kawai yake yi. Aka canja masa allura, zazzaɓin ya sauka, kumburin ya fara saɓewa. An ceci ƙafar, sai dai har yau yana ɗan ɗingishi.

Fayil ɗinsa ba ita ta sa wa lamba ba, ta ce ba a yi wa na gida, abokiyar aikinta ta miƙa wa. Amma ta tsaya a bayanta har ta ga an cike gurbi na biyu. Da ta dawo gida ta faɗa mini lambar, B95.6, kamar mai faɗin sunan ɓarawon da aka kama. Na ce, "To da a ce wannan karon ma ba abin da ya tsiro fa?"

Ta ce, "Da gurbin ya zauna haka har in mutu."

Dorcas ba ta zo ta ba da haƙuri ba, kuma ni ban yafe mata ba tukuna, ko da yake Asabe ta kai mata gwate har Mahuta. Ranar da muka je asibiti da abinci, Elisha ya biyo mu, amma ya toge a bakin ɗaki. Shekari yana zaune a gado, ƙafar a kan filo. Ya kalli ƙaninsa. Maza dai kun san su, ba su iya ba da haƙuri ba. Daga ƙarshe ya matsa gefe, ya buɗe kular, ya leƙa ciki.

Ya ce, "Maman Peace, cokali ɗaya kika kawo?"

Asabe ta buɗe jakarta ta ciro na biyu. Tun daga gida ta sa shi.