Motar Kawu Cikin Romonta

Ina shekara ta biyu a jami'a a Paris lokacin da kawuna ya sayi motar soja. Ƙanin mahaifiyata ne, yana da kanti a unguwar Goutte d'Or inda yake sayar da shadda da turare, amma ainihin sana'arsa tura tsoffin kaya gida: firji, katifu, kekunan ɗinki, duk abin da Nasara ya gaji da shi. Motar kuwa wajen wani manomi ya same ta, can kudu da birni. Babba ce mai ƙafa shida, koriya a da, wadda sojoji suka yi gwanjonta tun ba a haife ni ba. Manomin ya ɗan yi jigilar itace da ita, sannan ya tura ta rumfa ya bar wa kaji. Kawu ya ce Tawa za ta, can gida, ƙaninsa zai riƙa ɗaukar albasa da ita.

Saura a kai ta Marseille a sa a jirgin ruwa, kuma ni kaɗai ne a dangi mai permi, wato lasisin tuƙa babbar mota, don na taɓa aikin kwasar kayan masu sauya gida a lokacin hutu. Na ce masa ina da jarrabawa. Ya ce ai karatu zama ne, a mota ma zama ake yi.

Muka loda ta a Sevran, muka ja tamfol muka ɗaure. Kawu ya hau gaba da babbar riga da rawani, buta a ƙafarsa, kayan shayi a cinya. Motar ba ta da gudun babbar hanya, sai muka bi ta ƙauyuka tana ruri, in an zo hawa masu keke su wuce mu. A Vénissieux, daf da birnin Lyon, muka yada zango wajen wani ɗan garinmu.

Ranar Asabar da safe muka fito neman hanyar kudu, na rikice a wani shataletale. Ina cikin zagaye na uku sai ga jerin motoci koraye sun shigo, ƙanana da manya, duk tsoffi irin tamu, sai dai su suna ƙyalli. Kawu ya ce in bi su. Hujjarsa, tsohuwar mota a ƙasar nan ba ta da wurin zuwa sai bakin teku, kuma waɗannan da gani wani babban ɗan kasuwa ne ya saye su a dunƙule, wataƙila ɗan Maraɗi. Na shiga tsakiyarsu. Muka fita gari, mutane a bakin hanya suna ɗaga mana hannu, yara na kaɗa tutoci. Kawu ya sauke gilas yana mayar musu da gaisuwa, ya ce mutanen Lyon sun fi na Paris tarbiyya.

Jerin ya karkata cikin wani makeken fili. A ƙofa wani mai riga rawaya ya manna mana lamba a gilas, ya nuna mana wurin tsayawa. Na leƙo zan yi bayani, amma bayanmu tankar yaƙi ce a kan tirela, direbanta na danna hon. Sai da na kashe mota na sauko na gane inda muke. Taron shekara-shekara ne na masu tara tsoffin motocin soja suna gyarawa, ranar kuma ta gasa ce. Mai riga rawayan ya saurare ni da kyau, ya ba ni haƙuri, ya ce tunda an buɗe wa 'yan kallo, babu injin da zai sake tashi sai an gama raba kyaututtuka da yamma.

Na dawo na gaya wa kawu. Faransancinsa na kasuwa ne, ya iya ciniki da faɗa da 'yan duwan, wato kwastan, sauran ni yake bar wa. Ya ce to, tunda Allah ya kawo mu, mu zaga mu ga kaya.

Masu motocin dattawa ne akasari, da furfura da tumbi, sun sha kakin sojojin ƙasashe daban-daban. Waɗanda kakanninsu suka harbi juna suna layi ɗaya suna sayen soyayyen dankali. Wani janar da muka gaisa da shi ya ce mana shi likitan haƙori ne. Mun ga wani kwance yana goge cikin taya da buroshin baki. Wani kuma yana shafa wa motarsa laka da ɗan cokali, lakar da ya yo guzurinta a bokiti daga inda aka taɓa yin yaƙi, don kada a ce ta wani wuri ce. Kawu ya tsaya gaban wata babbar mota mai kyau ya sa na tambayi mai ita nauyin da take ɗauka. Mutumin ya ce tun da ya gama gyara ta bai taɓa ɗora mata ko kwali ba, nan ma ɗauko ta aka yi a kan wata motar. Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce in yi masa sannu.

Na bar kawu gindin motarmu ya kunna ɗan murhunsa na gas, na tafi neman shugaban taron ko zai tausaya mana. Ban same shi ba. Ina dawowa na hango mutane sun yi cincirindo a wajenmu, wata tsohuwa ta riƙe hannun rigar kawu da hannu biyu, shi kuma soso na hannunsa yana ɗigar kumfa.

Ashe da ya ga kowa na goge tasa, kunya ta kama shi. Maƙwabcinmu a layi, wani mai kantin magani da ya zo da tsohuwar motar asibitin soja, shi ya ara masa bokiti da sabulu, har da nuna masa famfo. Kawu ya gama wanke ƙofar direba tas, zai koma kan boneti, tsohuwar ta yi kansa. Ita ta bayyana mini cewa lambar da aka manna mana ta wani rukuni ce da suke kira dans son jus, wato cikin romonta, na motocin da ba a taɓa gyarawa ko fentawa ba, waɗanda darajarsu tsatsa ce da ƙura. Ta ce ƙurar da ke jikin motarmu ta fi shekara talatin, kuma tunda take zuwa taron nan ba ta ga irinta ba. Ta ƙara da cewa mai kantin maganin shi yake cinye rukunin kowace shekara, ya san sarai abin da ya yi.

Kawu ya ce, "Mi ta ce?"

"Ta ce kada ka wanke, Kawu. Motar cikin romonta suke son ta."

"Wane romo?"

"Dauɗar."

Ya ajiye soson a hankali, ya ɗauraye hannu, ya koma kan shayinsa.

Bayan azahar alƙalai suka iso, su uku. Shugabansu siririn tsoho ne da farar safar hannu da madubi a kan sanda, yana tura shi ƙarƙashin mota. Sai wata mata mai tocila da ke karanta rubutun kan kusoshi. Na ukun ƙato ne, shi da hanci yake aiki, yana buɗe ƙofa ya shaƙa ya lumshe ido. Kawu ya ɗauka duwan ne, ya fito da takardun mota, ya haɗa da goro. Suka karɓi goron, suka mayar da takardun.

Sun fara ta gefen da ba a wanke ba, kuma ban taɓa ganin manya suna murna da lalacewa haka ba. Matar ta ga kujerar asali da audugarta a waje, ta dafe ƙirji. Ƙaton ya samu gashin kaza a bayan sitiyari, ya ɗaga shi sama, ya mayar daidai inda ya ɗauko. Da suka zagayo ƙofar direba sai murnar ta ƙare. Shugaban ya shafa ta da yatsa, ya dubi safarsa, fara fat. Ya tambaye ni yaushe wannan ya faru, da murya irin ta mai ta'aziyya. Tsohuwar nan ta ba shi labari tana nuna mai kantin magani, shi kuma ya ce ai taimakon baƙo ya yi.

Sannan suka ɗaga tamfol suka ga firji da katifu. Nan gardama ta tashi. Matar ta ce firjin ba na zamanin motar ba ne, dole a rage maki. Ƙaton ya ce a duk filin nan wannan ce kaɗai ta zo da ƙafarta ɗauke da kaya, don haka ƙari ya kamata. Sai da suka buɗe firji biyu suna neman shekarar ƙira, kafin shugaban ya yanke cewa za a yi kamar ba a ga kayan ba.

Matar ta juyo kan kawu, ta dubi rawaninsa da babbar rigarsa, ta tambayi wace runduna yake wakilta. Na ce tufafinsa ne, haka yake zuwa ko'ina. Ta gyaɗa kai, amma na ga ta rubuta wani abu. Shugaban ya tambaya ko yana da wata alaƙa da irin wannan mota. Na fassara, ina zaton zai ce a'a.

Kawu ya ce, "Hwaɗa mai, babana an kwashe shi soja zamanin Nasara, irin wagga mota ta ɗauke su. Da ya komo bai taɓa ce muna komi ba bisa yaƙi. Abu guda yake hwaɗi, bencin baya na kashe ƙugu."

Kakana ke nan, kuma ranar na fara jin wannan. Na fassara yadda ya faɗa. Shugaban ya cire hularsa. Ƙaton ya kama ƙarfe ya hau baya da ƙyar, ya matsa katifa, ya zauna a kan bencin tsakanin firji biyu. Ya ɗan jima a can. Da ya sauko yana riƙe da ƙugu, ya ce in gaya wa kawu mahaifinsa ya yi gaskiya.

Da yamma aka taru gaban dandamali. A rukuninmu mai kantin magani ya zo na ɗaya, aka tafa masa sama-sama. Mu muka zo na biyu, saboda ƙofa. Sai shugaban ya ce akwai kyauta ta musamman ta alƙalai, ya kira lambarmu. Wani ya ɗaga hannu ya ce doka ta ce sai ɗan ƙungiya ke cin kyauta. Nan take aka maƙala wa kawu baji a babbar riga, aka ce ya zama ɗan ƙungiya. Aka miƙa masa kwankon harsashin igwa da aka goge aka yi wa rubutu, da kwando shaƙe da tsiran alade irin na Lyon da kwalaben giya.

Aka ba shi makirfo. Ya gaishe da alƙalai, ya tambayi gajiyarsu da iyalansu, ya gaishe da janar likitan haƙori, ya yi wa sojojin kowane ɓangare addu'ar zaman lafiya. Ni na taƙaita da cewa ya gode. Ya sauko da kwandon ya nufi mai kantin magani ya danƙa masa, ya ce ladan sabulu. Mutumin ya yi ja har kunne. Jama'a suka ɗauka baƙar magana ce suka ɓarke da tafi, alhali har zuciyarsa ya yi. Har yau kawu bai yarda mutumin ya cuce shi ba, yana cewa wanda ya ba ka ruwa da sabulu a baƙon wuri ba mugu ba ne.

Kafin a buɗe ƙofa shugaban alƙalan ya roƙi kawu kada ya bari a fenta motar. Kawu ya ce in Allah ya yarda. Jirgin ruwan ya tafi ya bar mu, motar ta jira na gaba. Tana isa Tawa ƙanin kawu ya sa aka yi mata shuɗi da rawaya, aka ɗaga mata bodi da katako.

Abin da ba mu sani ba, a dokarsu wanda ya ci kyautar alƙalai shi ma alƙali ne a shekara mai zuwa. Da gayyata ta zo na ce masa mu ba da uzuri. Ya ce an ba shi girma, ba zai ƙi ba. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ni tafinta. Alƙalan suka tambayi motar, ya ba su labarin fentin da bodin dalla-dalla, ni kuma na ce tana nan lafiya.

Alƙalancinsa bai ɗauki lokaci ba. Ba ya leƙa ƙarƙashi, ba ya duba kusa. Zai tsaya ya gaisa da mai mota, ya tambayi shekara nawa ya yi yana wahala da ita, ya dubi matarsa da 'ya'yansa a gefe, ya ce in rubuta maki cikakke. Na ce masa in kowa ya samu cikakke ai ba gasa. Ya ce shi ba zai kunyata magidanci gaban iyalinsa a kan fenti ba. Mutum ɗaya ya ba sifiri, wani mai ƙaramar jip wadda sauran alƙalai suka ce babu kamarta a filin, don kawu ya miƙa masa hannu yana waya bai karɓa ba. Sifirin nan ya mayar da shi na uku.

Muna shirin tafiya mutumin ya tare mu, fuska a murtuke, ya ce yana son bayani. Kawu ya kama hannunsa ya riƙe, ya ce in tambaye shi ina gajiya. Mutumin ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Kawu ya ce in tambayi gida. Ya ce lafiya. Yara fa? Lafiya. Tsofaffi fa? Nan ya ce mahaifiyarsa tana asibiti, da su yake waya ɗazu. Kawu ya ja shi kan wani benci suka zauna, ya tambayi ciwon, ya ba shi labarin tasa mahaifiyar da irin jinyar da ta yi, ya yi wa tsohuwar addu'a mai tsawo, ina fassara abin da zan iya. Daga nan ya ce in je in gaya wa shugaba ya sauya sifirin ya koma cikakke. Na je. Shugaban ya ce an riga an raba kyaututtuka, masu su har sun kama hanya. Na dawo na tarar kawu ya kunna murhu, mutumin na riƙe masa kofuna. Sai jirgi na gaba muka hau.